Taron Ƙarfe Huɗu

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma na safiyar Alhamis kwamfutar Auta ta yi 'yar ƙarar da take yi duk lokacin da aka saka sabon taro a jadawalin ofis. Ba ta ɗago da sauri ba, don a wuni tana jin irinta sau talatin. Sai da ta ajiye kofin ruwan da ke hannunta sannan ta kai ido kan allon.

Ta matso kusa ta sake karantawa.

Taro da masu ginin asibiti, yau, ƙarfe huɗu zuwa shida, a babban ɗaki. Mutum shida. A gaban sunan Dogo an danna alamar dole, wato ba shi da bakin cewa ba zai zo ba. A ƙasa kuma, inda manhajar ke nuna wanda ya saka taron, ga sunanta nan ɓaro-ɓaro.

Ita kuwa rabonta da taɓa kwamfutar ya fi minti ashirin.

Shekara uku ke nan Auta tana riƙe da jadawalin wannan kamfani na masu zane da awon gine-gine. Ma'aikata ashirin da biyu, ɗakunan taro uku, duk a cikin manhaja ɗaya. Kowa kan shiga ya shafa kore a lokacin da yake da sarari, ya shafa ja inda ba shi da shi, ita kuma ta haɗa kawunansu. Ita kaɗai ke da ikon danna alamar dole, shi ya sa a ofis ba a kiranta da komai sai 'Yar Jadawali.

Dogo kuwa shi ne mai awon filayen kamfanin, kuma shi ne mutumin da aka yi wata bakwai ana rigima a kansa a gidansu. Ba a same shi da wani mugun hali ba. Laifinsa ɗaya: matarsa ta rasu ta bar masa yarinya, yanzu shekarunta huɗu. Umma ta rantse 'yarta ba za ta fara aure da raino ba. Yaya, wanta, ya goyi bayan Umma, don shi da ma abokinsa yake so a ba, Mataimaki, ɗan Shugabar kamfanin da Auta ke wa aiki, kuma mataimakinta a ofis.

Abba ne kaɗai bai yanke hukunci ba. Tsohon ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, mutum ne da ba ya wasa da lokaci. Cewa ya yi, "Ya zo in gan shi." Sau biyu yana saka wa Dogo rana, sau biyu taron dole yana faɗowa a daidai lokacin. A karo na biyun Abba ya zauna a falo awa guda cur, sannan ya kira ta.

"Alhamis mai zuwa, huɗu da rabi," ya ce. "In ta yi ban ji sallamarsa ba, kada a ƙara kawo min maganarsa. Zan saurari uwarki da yayanki."

Yau ce Alhamis ɗin.

Ta kai hannu kan madannin soke taro. Kafin ta danna, wata ƙarar ta sake tashi: masu asibiti sun amsa gayyata. Ta runtse ido. Dokar kamfanin ce, da zarar baƙi sun amsa, babu mai ɗaga taro sai da izinin Shugaba.

"Ki same ni a matakalar baya."

Ba ta ji zuwansa ba. Dogo ne tsaye a kanta, wayarsa a hannu, fuskar nan ba annuri. Bai jira amsa ba ya juya.

Ta same shi ya jingina da bango kusa da tulun kashe gobara. Ya miƙo mata wayar.

"Karanta min sunan da ke ƙasa."

"Wallahi ba ni ba ce."

"Karanta, Auta."

"Na gani. Na rantse maka ban taɓa ba."

Ya yi wani murmushi da ya fi kuka ciwo. "Na farko kin ce kuskure ne, hannunki ne ya zame cikin tarin buƙatu. Na yarda. Na biyu kina gida ba ki da lafiya, na ga sunanki a ƙasa, na haɗiye, ban ko gaya miki ba."

"Na biyun ma da sunana ya zo?"

"Kada ki yi min haka." Muryarsa ta sauka. "Ni ba yaro ba ne. Na san abin da nake ɗauke da shi, na san ba kowace mace za ta iya ba. In sun fi ƙarfinki a gida, in kin duba kin ga Mataimaki ya fi miki, ki buɗe baki ki faɗa min. Zan ji ciwo, amma zan warke. Abin da ba zan iya ba shi ne ki riƙa rufe min ƙofa ta cikin kwamfuta, kina dawowa kina min kuka."

Hawayen da take dannewa suka ɓalle.

"Ni? Ni da Umma ta yi kwana tara ba ta amsa gaisuwata ba saboda kai? Ni da nake cin abinci ni kaɗai a ɗaki kamar baƙuwa? Ashe kallon da kake min ke nan?"

"To wa ke da kalmar sirrinki?"

"Babu kowa!"

"Ke nan ke ce."

Ya kawar da kai.

"Jiya yarinyar nan da kanta ta zaɓo min rigar da zan sa," ya ce. "Ta ce farar, wai ta fi yi min kyau. Me zan ce mata yau?" Ya ja numfashi. "Ba komai. Zan je wurin Abba. Su kore ni."

"Ba za ka yi ba. Wata takwas kana awon filin asibitin nan. In ka ƙi taron dole Mataimaki ya samu abin da yake nema, kafin magariba takardar sallamarka ta fito. Kana ganin Abba zai ba da 'yarsa ga wanda ya tsallake aikinsa ya taho? Yarinyar fa, me za ta ci?"

"To ya kike so in yi? In rabu gida biyu?"

Ta share fuska da gefen mayafinta. "Ba ni zuwa ƙarfe ɗaya."

"Auta..."

"Zuwa ƙarfe ɗaya kawai. In ban gyara ba, ka ɗauka ni ce ɗin."

Ta koma teburinta ta buɗe wani shafi da ba kasafai take shiga ba, shafin da manhajar ke ajiye tarihin duk wanda ya taɓa jadawali: wane ne, yaushe, kuma da wace na'ura. Ta gangara zuwa taron yau.

Sha ɗaya da minti takwas. Sunanta. Na'ura: Ta Gida.

Ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta Gida sunan da ta raɗa wa tsohuwar kwamfutarta ne, wadda ta daina zuwa da ita ofis tun bara. Ba ta taɓa fita daga manhajar a cikinta ba, don ba ta ga dalili ba. Wata guda da ya wuce Yaya ya leƙo ɗakinta ya ce ta ara masa, tasa ta lalace.

Ta duba na makon jiya. Ta Gida. Na wancan makon. Ta Gida.

Sai kuma ta lura da layin da ke saman na yau. Sha ɗaya da minti biyu, Mataimaki ya shiga ya shafe duk sauran lokacinsa na yau da na gobe da ja, ya bar huɗu zuwa shida kaɗai.

Ta danna ta buga shafin a takarda. Injin bai gama fito da ita ba ta ji ƙamshin turaren Mataimaki.

"'Yar Jadawali, sannu da ƙoƙari," in ji Mataimaki. Ya zauna a gefen teburinta yana kaɗa makullin mota a yatsa. "Na ga taron. Lokacin ya yi daidai."

Ta kife takardar. "Ya yi wa wa daidai?"

"Kamfani mana." Ya ƙura mata ido. "Kuka kika yi? Haba. Ki daina wahalar da idon nan a kan abin da ba zai yiwu ba. Ni fa ban taɓa ɓoye miki ba, Umma tana so na, Yaya yana so na. Ke kaɗai kika rage, ke ma lokaci ne."

"Ina da aiki, ranka ya daɗe."

Ya miƙe yana dariya. "Ki gaida min Abba. Ki ce ina nan tafe, ni kuma ba na makara."

Da ya wuce ta danna inda manhajar ke nemo lokacin da kowa yake da sarari. Ta juya, ta juya, ta kawo amsa: babu, sai Talata. Masu asibiti kuma tun farkon mako suka rubuto cewa ranar Asabar za su yi tafiya, dole a zauna kafin nan.

Ta jera layukan mutum shidan tana bin su da yatsa. Ɗaya da rabi zuwa uku na yau: Shugaba kore, Dogo kore, Injiniya kore. Ja uku ne suka tare hanya, na Lauya, na Anti Mai Zane, da na Mataimaki.

Sha biyu saura kwata. Ta ɗauki takardarta ta miƙe.

Lauya ta fara samu, yana fama da tarin fayil, gilashinsa a kan hanci.

"Ɗaya da rabi? Ina! Lokacin ɗauko yara ne daga makaranta. Ba ke ce kullum kike mana wa'azi ba, wai ja ja ne ko mutuwa aka yi?"

"Yau ni ce gawar, Lauya."

Ya sauke gilashin ya dube ta sosai. Abin da ya gani a fuskarta ya sa ya bar wasan. Ya ɗauki waya ya kira matarsa, ya sha faɗa na minti biyu yana cewa "to, to, na ji," sannan ya shiga manhajar ya mai da jansa kore.

"Kin jawo min wanke-wanken mako guda," ya ce. "Allah Ya sa abin ya kai."

Anti Mai Zane tana tsaye kan wani faffaɗan zane, hannu ɗaya dafe da kunci. Ita ce babba a cikin matan ofis, kuma ita kaɗai Auta ta taɓa yi wa zancen Dogo. Ta karɓi takardar ta karanta har ƙarshe, Auta ta gaya mata wanda ta ara wa Ta Gida.

"Yayanki?"

Auta ta gyaɗa kai.

"Innalillahi. Uwa ɗaya uba ɗaya?" Ta miƙa mata takardar. "Likitan haƙori zan gani, wata guda ina jiran layin nan. To, haƙorin da ya yi wata uku yana ciwo ba yau zai kashe ni ba. Na mai da shi kore. Amma ki saurare ni, 'yata. In kin shiga wurin Shugaba kada ki kira sunan ɗanta. Ki ajiye takarda ki yi shiru, ta iya karatu."

Daga nan ta kira sakatariyar masu asibiti. Matar ta ce ai ɗaya da rabi ma ta fi musu sauƙi, su da ma mamaki suka yi da aka ce huɗu kaɗai ta rage.

Sha biyu da minti ashirin ta ƙwanƙwasa ƙofar Shugaba.

Shugaba mace ce da ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ita ta kafa kamfanin da teburi biyu, ita kuma ta kawo manhajar bayan wata rana da aka haɗa baƙi kashi biyu a ɗaki ɗaya. Ta saurari buƙatar Auta tana rubutu, ba ta ɗago ba.

"Baƙi sun amsa huɗu. Me zai sa in ɗaga?"

"Sun yarda da ɗaya da rabi, ranki ya daɗe. Mutum biyar sun yi kore."

"Na shidan fa?"

Auta ta ajiye takardar a gabanta. Shugaba ta karanta daga sama har ƙasa, ta koma sama.

"Kina so ki ce min ɗana ne ya shirya wannan?"

"Ban ce komai ba, ranki ya daɗe."

"Gara da ba ki ce ba. Abin da na gani a nan shi ne jadawalin kamfanina a buɗe yake a wani ɗaki a gidanku. Sunayen baƙina, lokutan ma'aikatana, inda nake zuwa da inda nake kwana in na yi tafiya, duk a hannun wanda ban sani ba. Laifin wa?"

"Nawa ne."

"Me ke faruwa ƙarfe huɗu?"

Auta ta so ta ƙirƙiro wani dalili, bakinta ya ƙi. Ta faɗi gaskiya, a taƙaice, kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga kan kafet. Shugaba ta ajiye biro.

"Ni ma na yi wa ɗana sha'awarki," ta ce. "Na ga natsuwarki tun ranar da kika zo neman aiki. Amma ba ta wannan hanyar ba." Ta jawo kwamfutarta, ta cire jan Mataimaki da hannunta. "Je ki mai da taron ɗaya da rabi. In kin gama ki miƙa ragamar jadawalin ga sakatariyata. Na dakatar da ke har sai na gama bincike, kuma ban yi miki alkawarin kujerarki tana jiranki ba."

Auta ta ji abin har cikin ƙashinta. Shekara uku. Ta durƙusa ta ce, "Na gode."

Kafin ta miƙa ragamar ta yi abu uku. Ta ɗaga taron. Ta fitar da Ta Gida daga manhajar. Sannan ta kama babban ɗakin daga ƙarfe uku daidai da sunan Anti Mai Zane da masu zanenta.

Saƙon Dogo ya shigo wayarta a take. Kalma biyu ce: Yafe min.

Ta karanta ta kife wayar. Ba don fushi ba, hankalinta ne ya koma kan taron.

Ta bangon gilashi ta riƙa hango taron. Dogo ya tashi ya yi bayanin awonsa cikin minti ashirin, baƙi suna gyaɗa kai. Sai Mataimaki ya karɓe. Fuskarsa a haɗe, ya shiga jero tambayoyi: a sake nuna masa iyakar gabas, a sake lissafa gangaren magudanar ruwa, a dawo shafi na huɗu. Duk wadda Dogo ya amsa sai ya ɓullo da wata. Biyu da rabi. Uku saura kwata. Uku saura biyar yana cewa shi fa bai gamsu ba, sai an bi zanen layi-layi.

Ƙarfe uku daidai ɗan allon da ke jikin ƙofar ya koma ja ya fara ƙara. Anti Mai Zane, wadda ta fita daga taron tun da ta gama nata bayanin, ta iso da mutum huɗu a bayanta, kowa rungume da nannaɗaɗɗen zane, ta ƙwanƙwasa gilashin da zobenta.

"Su jira," in ji Mataimaki.

Shugaba ta rufe fayil ɗinta. "Ni na kafa dokar, ba mai cin lokacin wani a ɗakin nan. In kana da sauran tambaya ka rubuta masa."

Auta ba ta tsaya ganin fitowarsu ba. Ta kwashe 'yan kayanta da takardar a jaka ta tare tasi.

Huɗu saura biyar ta shiga gida. Ba ta bi ta ɗakin Umma ba, kai tsaye ta tura ƙofar Yaya. Yana zaune bakin gado, kwamfutar a cinyarsa, yana ta danne-danne, waya maƙale a kunnensa.

"Na ce maka ta fitar da ni, ba ya shiga..." Ya gan ta, ya katse kiran.

"Ci gaba mana, Yaya. Gaya wa Mataimaki na gaishe shi."

"Ke, ba a sallama?"

"Sau uku." Ta nuna kwamfutar. "Sau uku kana shiga da sunana. Ka sa mutum yana min kallon maƙaryaciya. Yau an dakatar da ni daga aiki, ka sani? Kai da kake goya ni ka kai ni makaranta, kai da ko harara ba ka bari a yi min. Me na yi maka?"

Ya kasa haɗa ido da ita. "Dakatarwa kuma? Shi ya ce min ba abin da zai taɓa ki."

"Shi ya ce maka!"

"Don ke na yi, Auta. Ba ki ga halin da Umma take ciki ba? Ba ta barci, ba ta cin abinci. Ni ba zan iya ganin hawayenta ba, ko a kan wa."

"Ni na sa shi."

Umma ce a bakin ƙofa. Ta rame a 'yan makonnin nan, idanunta sun faɗa. Wannan ce maganar farko da ta yi wa Auta cikin kwana tara.

"Ni na ce ya yi duk abin da zai hana mutumin nan taka gidan nan. In kina da faɗa, ga ni."

"Umma, me ya yi miki? Ko ganinsa ba ki taɓa yi ba."

"Ba sai na gan shi ba."

"Yarinyar marainiya ce, Umma. Ke fa kika koya mana tausayin maraya."

Wani abu ya gifta a fuskar Umma. Daga falo suka ji gyaran muryar Abba ya dawo daga sallah, suka ji ƙarar kujerarsa, suka ji ya ajiye agogon hannunsa a kan teburi kamar yadda ya saba in yana jiran baƙo.

Huɗu da kwata.

Auta ta tsaya a lungun da ke tsakanin ɗakuna da falo, bayan labule, tana kallon wayarta. Huɗu da ashirin. Ta tuna gyaran titin da ake yi a babbar mahaɗa, yadda motoci ke cushewa in an tashi daga makarantu. Huɗu da ashirin da huɗu. Ta ji Umma a bayanta tana sauke ajiyar zuciya, irin ta wanda ya fara hango nasara.

Huɗu da ashirin da bakwai aka yi sallama a ƙofar gida.

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, ta toshe bakinta da mayafi.

Ta gefen labule ta ga Dogo ya shigo, gumi ya jiƙa masa baya, ƙura har gwiwa. Daga baya ta ji a mahaɗar ya bar motarsa ya ƙaraso da ƙafa. Ya durƙusa ya gaida Abba. Abba ya dubi agogo, ya dube shi, ya nuna masa wurin zama.

"Sau biyu ina jiranka."

"Haka ne, Abba. Aiki ne ya riƙe ni, kuma ni ya kamata in san yadda zan yi. Ina neman afuwa."

"Iyakar bayaninka ke nan?"

"Iyakarsa ke nan."

Auta ba ta san lokacin da ta ɗaga labulen ba. Ta durƙusa gaban Abba ta miƙa masa takardar, ta yi masa bayanin layi uku da sunan kwamfutar. Abba ya sa gilashi ya bi lokutan ɗaya bayan ɗaya, yadda ya yi shekaru yana bin na jirage. Da ya gama ya ɗaga murya ya kira Yaya.

Yaya ya shigo ya tsaya kusa da ƙofa, kansa a sunkuye.

"Kai ka yi wannan?"

"Kada ka taɓa min yaro!" Umma ta faɗo falon ko mayafi ba ta gyara ba. "Ni na sa shi, ni za ka tambaya!"

Dogo ya yunƙura zai tashi. "Abba, bari in ba ku wuri."

"Zauna. Ni na kira ka, ni zan sallame ka." Abba ya juya ga Umma, muryarsa a tausashe. "Ki yi a hankali. Akwai baƙo."

"Ya ji! Gara ya ji!" Kuka ya ci ƙarfinta. Ta nuna Auta da yatsa. "Ke kina ganin ƙinki nake yi? Kin san abin da ake kira riƙon ɗan wata mace? Ki yi masa faɗa a ce don ba ke kika haifa ba. Ki ƙyale shi a ce kin bar shi ya lalace. Ya yi zazzaɓi ki kwana a tsaye, ba don ciwon kaɗai ba, don tsoron abin da dangin uwarsa za su ce in ya mutu a hannunki. Ki so shi har ya fi ranki, amma kullum gabanki na faɗuwa kada wata rana wani ya buɗe baki ya raba ku!"

"Ya isa," in ji Abba. Ya miƙe tsaye. "Na ce ya isa."

"Bai isa ba! Kai ka san komai, shi ya sa kake tausayinsa, don kanka kake gani a jikinsa! Ina da shekara ashirin ka miƙo min jariri ɗan wata biyar, uwarsa ko arba'in ba ta daɗe da yi a ƙasa ba. Shekara talatin da huɗu ina ɗauke da wannan tsoron ni kaɗai, sannan ka ce in zuba ido 'yata ta..."

Ta tsaya cak. Hannunta ya tafi bakinta.

Auta ta dubi Abba, ta ga ya koma kujerarsa a hankali kamar wanda aka zare wa laka. Su biyu ne kaɗai 'ya'yan gidan, ita da Yaya. Watan jiya Yaya ya cika talatin da huɗu.

"Umma," in ji Yaya. Muryar ba ta yi kama da tasa ba. "Wane jariri?"

Umma ta juyo, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta miƙa hannu biyu za ta kamo shi.

"Ɗana, tsaya ka ji..."

Yaya ya ja da baya.